Makomar Manhajojin Taswira da Nuna Hanya a Motocin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin sauyin da manhajojin taswira da nuna hanya suke samu sakamakon yaɗuwar motocin lantarki, tare da fito da abubuwan da makomarsu ta rataya a kai. Abin da ake nufi da manhajar nuna hanya shi ne tsarin kwamfuta da ke gano inda mota take ta hanyar saƙonnin taurarin ɗan'adam, ya ɗora wurin a kan taswira, sannan ya zaɓa wa direba hanyar da za ta kai shi inda ya nufa. Batun ya cancanci kulawa domin alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17, idan aka haɗa da masu amfani da fetur da batirin da ake yi wa caji, wato sama da kashi 20 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya.

Matsayar maƙalar ita ce, a motar lantarki taswira ta daina zama kayan ƙawa da ke gefen sitiyari, ta koma wani ɓangare na tsarin sarrafa wutar motar, kuma abin da zai bambanta manhaja mai amfani da maras amfani a shekaru masu zuwa shi ne sahihancin bayanan da ke gudana tsakanin batiri da taswira da tashar caji, fiye da kyawun zane ko zurfin lissafi.

2.0 Waiwaye a kan ayyuka da ra'ayoyin da suka gabata

Na'urar nuna hanya ta riga motar lantarki ta zamani shiga kasuwa. Kamfanin Honda ya fitar da wata na'ura a 1981 wadda ke ƙididdige motsin mota ba tare da tauraron ɗan'adam ba, Mazda kuma ya sanya GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, a cikin motarsa Eunos Cosmo a 1990. Sai dai amfanin GPS ga farar hula bai kankama ba sai a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata saƙonnin da gangan, bayan haka kuma tsarin Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na ƙasar Sin suka biyo sahun GPS da GLONASS na Rasha. A ɓangaren lissafi, tushen zaɓen hanya shi ne ƙa'idar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959, wadda ke ɗaukar hanyoyi a matsayin layuka masu farashi, farashin kuwa tsawo ne ko lokaci, ta nemo jerin layukan da jimillarsu ta fi ƙanƙanta.

Da motocin lantarki suka fara yawaita bayan 2010, ra'ayoyi uku suka bayyana. Na farko shi ne na masu ƙera motoci da masu tsara manufofi, waɗanda suka ɗauka cewa fargabar ƙarewar caji, wato tsoron da direba ke ji kada batiri ya mutu masa a hanya, za ta gushe da zarar batura sun ƙara girma kuma tashoshi sun yawaita. Na biyu shi ne na masana kwamfuta, waɗanda suka kalli lamarin a matsayin sabuwar matsalar lissafi. Andreas Artmeier da abokan aikinsa a Munich sun nuna a 2010 cewa ƙa'idar Dijkstra ba ta aiki kai tsaye a nan, domin ta ginu a kan sharaɗin cewa babu layin da farashinsa ya yi ƙasa da sifiri, alhali motar lantarki tana iya samun ƙarin wuta a gangare. Jochen Eisner da Stefan Funke da Sabine Storandt suka kawo hanyar warware wannan cikin sauri a 2011, Moritz Baum da abokansa a Karlsruhe kuma suka faɗaɗa aikin a 2013. Na uku shi ne na masu ganin cewa makomar taswira baki ɗaya tana ga mota mai tuƙa kanta. Kowane ra'ayi yana da gaskiyarsa, amma dukkansu sun ɗauki samuwar ingantattun bayanai a matsayin abin da aka riga aka gama da shi, kuma a nan ne giɓin da maƙalar ta nufa yake.

3.0 Hanyar gudanar da nazari

An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai, inda aka kwatanta ayyukan masana lissafin hanya da dokokin da Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka suka kafa game da tashoshin caji, da kuma matakan da kamfanoni suka bayyana a fili. An ƙara da lissafi mai sauƙi na kimiyyar motsi domin nuna girman wasu tasirai. Ma'aunin wuta da aka yi amfani da shi shi ne kilowat-awa, wanda shi ne yunit ɗin da mitar lantarki ta gida take ƙirgawa.

4.0 Nazari

4.1 Hasashen wutar da tafiya za ta ci

Tambayar farko da manhajar motar lantarki take amsawa ita ce kashi nawa na caji zai rage idan an isa, kuma amsar tana buƙatar bayanan da tsohuwar taswira ba ta damu da su ba. Na farko shi ne tudu da gangare. Mota mai nauyin kilo 2,000 da ta hau tsaunin da tsayinsa ya kai mita 1,000 tana buƙatar kusan yunit 5.4 domin ɗaga nauyinta kaɗai, ban da wutar da tafiyar kanta take ci, wanda a batiri mai ɗaukar yunit 60 ya kai kimanin kashi 9 cikin ɗari, ko tafiyar kilomita 30 a shimfiɗaɗɗen titi ga motar da ke cin yunit 18 a kowane kilomita 100. Saboda haka wanda ya bi ta Hawan Kibo zuwa Jos da wanda ya gangaro daga Jos sun yi tafiya mai tsawo ɗaya, amma abin da batirinsu zai nuna ya sha bamban.

A gangaren ne birki mai mayar da wuta yake aiki, wato tsarin da injin lantarki ke juyewa ya zama janareta lokacin rage gudu, ya mayar wa batiri wani kaso na ƙarfin da da zai salwanta a matsayin zafi. Wannan ribar tana da iyaka biyu, domin ba dukkan wutar da aka kashe a hawa ce take dawowa ba, kuma batirin da ya cika ba ya karɓar ƙari, ta yadda motar da ta fara gangara da cikakken caji za ta yi asarar ribar gaba ɗaya. Manhaja mai basira za ta shawarci direban da ke saman tudu kada ya cika batirinsa, shawarar da ba za ta yiwu ba sai taswira ta san tsayin kowane yanki na titi. Yawancin bayanan tsayin ƙasa da ake samu kyauta sun samo asali ne daga ayyuka irin na jirgin sama jannati Endeavour na watan Fabrairun 2000, wanda ma'auninsa mafi kyau yake ɗaukar fili mai faɗin kusan mita 30 a matsayin ɗigo guda, abin da ke sa gada ko ramin da aka huda a dutse su rikita lissafi idan ba a gyara ba.

Gudu da yanayi su ma suna da nasu kaso. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne daidai da ninkin gudu a kansa, ta yadda ƙarin gudu daga kilomita 100 zuwa 120 a awa yake ƙara turjiyar da kashi 44 cikin ɗari, iskar da ke kaɗowa daga gaba kuma tana yin irin wannan tasiri ko da direba bai ƙara gudu ba. A ƙasashe masu sanyi, ɗumama cikin mota yana cin batiri kai tsaye, saɓanin motar fetur da ke amfani da zafin injinta kyauta. Wannan ya sa hasashe mai inganci dole ya haɗa taswira da hasashen yanayi da salon tuƙin direban da kuma lafiyar batirin kansa, wadda ke raguwa da shekaru.

4.2 Tashar caji a matsayin ɓangare na hanya

Shan mai aiki ne na 'yan mintuna wanda ba ya sauya tsarin tafiya, amma caji yana sauya shi, domin batiri ba ya karɓar wuta da sauri iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Kamar yadda cika buhun hatsi yake, zubin farko yana tafiya da sauri, amma idan an kusa baki sai an bi a hankali. Wannan ne dalilin da kamfanoni suke tallata lokacin caji daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari, kamar mintuna 18 da Hyundai ya ambata ga Ioniq 5 a tasha mai ƙarfin kilowat 350, kuma shi ne dalilin da ya sa tsayawa biyu gajeru sukan fi tsayawa ɗaya doguwa saurin kai matafiyi gida. Ke nan manhaja ba hanya kaɗai take zaɓa ba, tana zaɓen tashar da za a tsaya, da yawan cajin da za a isa da shi, da yawan wanda za a tashi da shi, kuma kowane zaɓi yana shafar sauran. Matsalar tana cikin rukunin waɗanda ba a san wata hanya mai sauri ta warware su daidai-wa-daida a kowane hali ba, amma dabarun kusantar amsa sun isa ga buƙatar yau da kullum, shi ya sa lissafi ba shi ne babban cikas a yanzu ba.

Abin da ya fi fito da haɗuwar taswira da injin mota shi ne shirya batiri kafin caji. Batirin litiyom yana karɓar caji mai sauri ne idan zafinsa yana cikin wani mizani, saboda haka motar da ta san cewa tasha ce a gabanta takan fara ɗumama batirin ko sanyaya shi tun tana hanya. Tesla, wanda ya buɗe tashoshinsa na Supercharger a 2012 kuma ya sanya mai tsara tafiya a motocinsa a 2015, ya ƙara wannan dabara a 2019, wasu kamfanoni da dama kuma suka bi. A motoci masu yawa shirin ba ya farawa da kansa sai an sanya tashar a manhajar da ke cikin motar, ta yadda direban da ya bi taswirar wayarsa zuwa tasha ɗaya a rana mai sanyi zai iya daɗewa fiye da maƙwabcinsa mai mota iri ɗaya.

4.3 Sahihancin bayanan tashoshi

Duk kyawun lissafi, idan manhaja ta kai direba tashar da ta lalace da caji kashi 8 cikin ɗari, ta jefa shi cikin halin da ya fi na wanda bai dogara da ita ba muni. Binciken da David Rempel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokan aikinsa suka gudanar a 2022 ya gwada kawunan caji mai sauri 657 a tashoshi 181 na yankin San Francisco, ya tarar kashi 72.5 cikin ɗari ne kawai suke aiki, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da masu tashoshin suke bayyanawa. Bambancin yana da tushe a ma'anar aiki, domin na'ura tana iya sanar da cibiyarta cewa lafiyarta ƙalau alhali allonta ya mutu, ko na'urar karɓar kuɗi ta ƙi, ko wayar ta gaza kaiwa bakin motar.

Masana sun kasa bayanan tasha gida biyu. Akwai tsayayyun bayanai, wato wuri da nau'in kan caji da ƙarfin wuta da lokutan buɗewa, akwai kuma bayanai masu sauyawa, wato ko na'urar tana aiki a wannan minti, ko wani yana kai, da farashin da ake caji a lokacin. Gwamnatoci sun fara mayar da bayyana su wajibi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2023/1804 ta tanadi tashar caji mai sauri a kowane kilomita 60 na manyan hanyoyin tarayyar, ta kuma wajabta wa masu tashoshi fitar da bayanan nau'o'in biyu kyauta daga watan Afrilun 2025. Dokar Birtaniya ta 2023 ta gindaya sharaɗin aiki na kashi 99 cikin ɗari ga cibiyoyin caji mai sauri tare da buɗe bayanansu bisa ƙa'idar OCPI, wadda yare ne na bai-ɗaya da tashoshi da manhajoji suke musayar bayani da shi. A Amurka, shirin dala biliyan 5 da dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta samar ya sanya sharaɗin kashi 97 cikin ɗari.

Waɗannan dokoki sun fi duk wata sabuwar fasahar allo muhimmanci ga makomar manhajojin, amma ba su isa ba, tun da har yanzu mai tasha ne ke ba da shaida a kan kansa. Shaida mai zaman kanta tana hannun motoci, domin kowace mota ta san ko cajinta ya fara, da ƙarfin wutar da ta samu a zahiri, da tsawon jiran da ta yi. Manhajar da za ta tattara wannan daga dubban motoci za ta iya ba kowace tasha maki na aminci, ta kuma yi hasashen cunkoso a lokacin da matafiyi zai isa, ta rarraba motoci tsakanin tashoshi kada ta tura su duka wuri guda.

4.4 Mallakar allon mota

Daga abin da ya gabata za a fahimci dalilin takaddamar da ake yi a kan wanda zai mallaki allon mota. Mai ƙera mota yana da bayanan batiri, kamfanonin waya kuma suna da taswira mafi sabuntawa da bayanan cunkoso, kuma babu wanda nasa ya wadatar shi kaɗai. Audi da BMW da Daimler sun sayi kamfanin taswira na HERE daga Nokia a 2015 domin kada su dogara da wani, motar Polestar 2 ta fito a 2020 da tsarin Android Automotive wanda ya ba Google Maps damar karanta cajin motar kai tsaye, General Motors ya sanar a 2023 cewa zai cire CarPlay da Android Auto, wato tsare-tsaren da ke nuna manhajojin waya a allon mota, daga sababbin motocinsa na lantarki, Rivian kuma ya sayi kamfanin ƙasar Suwidin da ya ƙirƙiri manhajar A Better Routeplanner a wannan shekarar. A gefe guda, Amazon da Meta da Microsoft da TomTom sun kafa gidauniyar Overture Maps a ƙarshen 2022 domin samar da buɗaɗɗun bayanan taswira.

Abin damuwa a nan shi ne, manhajar da ke zaɓar tasha tana zaɓar wanda zai ci kuɗin direba, kuma idan mai manhajar yana da tashoshinsa ko yarjejeniya da wasu, direba ba shi da hanyar sanin ko shawarar domin amfaninsa aka ba shi. Maslahar mai mota tana ga samar da ƙa'ida ta bai-ɗaya da za ta ba shi ikon miƙa bayanan batirinsa ga manhajar da ya ga dama, har da ikon umartar motar ta shirya batiri.

4.5 Taswira mai zurfin bayani

Taswira mai zurfin bayani ita ce wadda ke nuna kowane layin titi da alamominsa da kuskuren da bai wuce 'yan santimita ba, kuma da irinta tsarin Drive Pilot na Mercedes-Benz, wanda Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021, yake aiki. Tsadar sabunta ta ce ta sa Tesla da wasu kamfanonin Sin suka karkata ga dogaro da kyamarori da taswira mai sauƙi, kamfanin Mobileye kuma yake gina tasa daga abin da motocin jama'a suke gani. Ga batun wuta, abin da ake buƙata daga wannan fage kaɗan ne, wato gangare da kwana da iyakar gudu.

4.6 Sirrin matafiyi

Tattara shaidar motoci yana da farashi, domin bayanin da ke inganta hasashe shi ne kuma ke nuna inda mutum yake kwana da inda yake ibada da asibitin da yake zuwa. A watan Disambar 2024 mujallar Der Spiegel ta bayyana cewa bayanan motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen sun kasance a buɗe a intanet, ciki har da wuraren da da yawansu suka tsaya, a watan Janairun 2025 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗauki mataki a kan General Motors bisa miƙa bayanan wuri da na tuƙi ba tare da cikakken izinin masu motoci ba. Makin amincin tasha ba ya buƙatar sunan direba ko tarihin tafiyarsa, saboda haka ya wajaba a tsara manhajojin ta yadda yawancin lissafi zai gudana a cikin motar, abin da zai fita kuma ya zama taƙaitacce wanda ba a iya danganta shi da mutum.

4.7 Yankuna masu ƙarancin bayanai

Kusan duk abin da aka ambata an gina shi ne domin Turai da Amurka da Sin, amma motocin suna isa wasu wurare. Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu amfani da fetur da dizal a 2024, a Nijeriya kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021. A irin waɗannan wurare tambayoyin suna sauya kama. Zafi ne ke cin batiri ta hanyar na'urar sanyaya mota da sanyaya batirin kansa, ramuka da hanyar burji suna rushe hasashen da aka gina a kan lafiyayyar kwalta, kuma tambayar farko game da tasha ita ce ko akwai wuta a cikinta a wannan lokaci, da kuma ko daga layin gwamnati take, ko daga hasken rana da ke raguwa bayan la'asar. Motar da aka ƙera domin kasuwar Sin tana zuwa da kan caji na GB/T da taswirar da ba ta san hanyoyin Afirka ba, ta Turai kuma da CCS, saboda haka nau'in kan caji bayani ne da ba za a yi sakaci da shi ba. Yankewar sabis a tsakanin garuruwa kuma ta wajabta manhajar da ke iya lissafi ba tare da intanet ba.

Kamfanonin waje ba za su yi gaggawar tattara waɗannan bayanai ba, tun da kasuwar ƙarama ce a idonsu. Amma OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004, da rumbun Open Charge Map suna karɓar gudummawar kowa, kuma aikin zana taswirar ƙauyukan arewacin Nijeriya da aka yi domin rigakafin shan inna ya nuna cewa ana iya samar da sahihan bayanai a yankin idan an sa hannu. Sassan nazarin ƙasa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'in yankin suna iya fara auna wutar da motoci da babura masu ƙafa uku na lantarki suke ci a hanyoyin da aka fi bi a lokacin bazara da damina da hunturu, hukumomin da ke ba tashoshi lasisi kuma su sanya bayyana wuri da nau'in kan caji da halin wuta cikin sharuɗɗan lasisin tun tashoshin ba su yi yawa ba.